Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Baba Akbishop da Firistocin Jos: Yarinyar da Ta Ƙi Zubar da Ciki Tana Ɗakina

Zuwa ga Mai Girma Akbishop Matthew Ishaya Audu, da iyayenmu firistocin Jos.

Baba, salamar Ubangijinmu Yesu Kiristi ta kasance tare da ku. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da mu. Ni 'yarku ce, ko da yake furfurata ta fi ta yawancin firistocin da za su karanta wannan takarda. Ungozoma ce ni. Shekara 31 na yi ina karɓar haihuwa a nan Jos da ƙauyukan Filato kafin in ajiye aiki. Cikin masu tsayawa a bagade yau, ba zan yi mamaki ba in akwai wanda ni na yanke masa cibiya. Da wannan ƙarfin gwiwar nake magana, in baki ya yi kaifi a yafe wa tsohuwa.

Na so in kai maganar ta bayan gida, ta hannun katikis ko a zaman majalisar coci. Sau biyu na gwada. Da zarar na ce "ciki" sai kowa ya sunkuyar da kai kamar an aiko da labarin rasuwa, shugaban taro ya ce a bari sai wani zama. Shi ya sa na fito fili. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara faɗin inda na tsaya, kada wani ya karanta rabi ya ce tsohuwa ta bi 'yan ƙungiyoyin waje. Na yarda da koyarwar Ikkilisiya a kan zubar da ciki, gaba ɗayanta, ba ragi. Kuma ba a littafi na fara koyonta ba. A zamaninmu babu na'urar ɗaukar hoton ciki a kowane lungu. Wani ɗan ƙahon ƙarfe ne muke ɗorawa a kan cikin mace mu manna kunne. In ciki ya kai wata biyar sai ka ji shi can ƙasa, yana bugawa da sauri kamar agogon hannu a ƙarƙashin matashin kai, sau 120 zuwa 160 a minti ɗaya, kusan ninki biyu na bugun zuciyar uwar. Zuciya biyu a jiki ɗaya, kowacce da tafiyarta. Wanda ya taɓa jin wannan da kunnensa ba sai an yi masa dogon wa'azi ba kafin ya san akwai mutum a ciki. Yanzu ma na'ura tana nuna wannan bugun tun ciki na wajen mako shida. Don haka da Katekisim ya ce a sashe na 2270 dole a kiyaye ran mutum tun daga lokacin da aka ɗauki cikinsa, da Babban Taron Vatikan na Biyu ya kira zubar da ciki da kashe jarirai mugun laifi a 1965, da Paparoma John Paul na Biyu ya sake jaddadawa a wasiƙarsa Evangelium Vitae a 1995, a wurina abin da kunnena ya riga ya ji ne aka rubuta da Latin. Mu ungozomomi ma muna da kakanni a Littafin Fitowa, Shifra da Fu'a, waɗanda Fir'auna ya umarta su kashe 'ya'ya maza na Ibraniyawa tun uwayensu na kan gwiwa, suka ji tsoron Allah suka ƙi.

Ina kuma yaba wa shugabanninmu yadda suke tsayawa a gaban gwamnati. Da Jihar Imo ta saƙa zubar da ciki cikin wata doka a 2012, Akbishop Anthony Obinna na Owerri da jama'arsa ba su runtsa ba sai da aka janye a 2013. Da Legas ta fitar da ƙa'idojinta na zubar da ciki a 2022, Akbishop Alfred Adewale Martins ya yi magana, Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Ana nan ana sa ido a kan sashe na 14, mai maganar zubar da ciki, na Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, wadda Najeriya ta amince da ita. Dokar Penal Code ta Arewa ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai fa in don a ceci ran uwar ne. A rubuce dai, mu ke da rinjaye.

Amma Baba, ni a ɗakin haihuwa na yi zamana. Cibiyar bincike ta Guttmacher ta ƙiyasta cewa a 2012 kaɗai an zubar da ciki miliyan 1 da dubu 250 a ƙasar nan. Na san cibiyar tana wancan ɓangaren, na masu son a halatta abin, kuma wani zai ce sun ƙara gishiri. To a raba adadin biyu. Abin da ya rage ma ya isa ya hana mai imani barci, kuma duk a ƙarƙashin dokar da ta haramta. Doka tana cikin kundi, ƙwaya tana kemis ɗin bayan layi, yarinya kuwa ba ta tambayar sashe na nawa ne kafin ta haɗiya. Waɗanda aka riƙa kawo mana da tsakar dare da zani jiƙe da jini ba daga wata ƙasa suka zo ba. Da yawansu da rozari a wuya.

Akwai ɗaya da har yau ba ta bar ni ba. Shekarunta 19. Wajen ƙarfe biyun dare aka kawo ta a bayan a-kori-kura, jiki zafi kamar garwashi, ciki ya kumbura ya yi tauri, wari tun daga ƙofa. Kwana huɗu ke nan da wani mai shagon magani ya sa mata ƙarfe a ɗakin baya ya huda mahaifa. Duk kwanakin nan tana gida ana ɗura mata maganin taifot, don kada maƙwabta su ji. Likita ya yi iyakar yinsa, da ƙyar muka samo jini leda biyu, ba ta ga asuba ta biyu ba. Na san uwarta, zani iri ɗaya muke ɗaurawa ranar taron mata. Da na fito in gaya mata sai ta damƙe hannuna ta ce, "Sista, ni na kai ta. Ni na biya. Da wane ido zan kalli mutanen coci?" Mijinta babba ne a cocinsu, kuma ta ga abin da aka yi wa maƙwabciyarta da 'yarta ta yi ciki. An hana matar karɓar Jibi wata shida, an sauke ta daga muƙaminta, in ta shigo taro sai a ɗauko waƙar habaici. Sai wannan ta auna, ta ga zunubin da ba mai gani ya fi mata sauƙi a kan kunyar da kowa zai gani. A wurin jana'iza aka ce taifot ne. Aka yi Mas, aka yi waƙoƙi, ni ma na ja bakina na yi shiru tare da kowa, shekara da shekaru.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Mu da hannunmu mun shirya al'amura yadda wadda ta zubar a ɓoye za ta zo ran Lahadi cikin rigar mawaƙa, ta karɓi Jibi, gobe a ɗaura mata aure da farin mayafi. Wadda ta saurari wa'azinmu ta bar cikin kuwa, ita za ta sha kunyar wata tara a idon kowa, don ciki ba ya ɓoyuwa. Yaran nan ba wawaye ba ne. Suna gani, suna lissafi. Da baki muna ce musu zubar da ciki kisan kai ne, amma hukuncin da muke yankewa yana koya musu cewa babban laifin shi ne a gan ki da ciki.

Yanzu haka akwai wata a ɗakina. Shekarunta 17, tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar mishan da ba zan kira sunanta ba. Cikin ya shiga wata na takwas. Mai cikin magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku, shi ke biya mata kuɗin makaranta tun da babanta ya rasa aiki, kowa na sa masa albarka. Da ta gaya masa sai ya ƙirgo kuɗi ya ce ta je a wanke, har da kwatancen wurin. Ta karɓi kuɗin, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta juyo. Na tambaye ta me ya dawo da ita. Ta ce abin da Sista ta koya musu ne a ajin katekisim, yadda Yohanna ya yi motsi a cikin Alisabatu sa'ad da Maryamu ta yi sallama. Koyarwarku ce ta yi aiki, Baba. Ga ladan da ta samu. Makaranta ta kore ta a gaban taron ɗalibai na safe. Babanta ya watso mata kaya waje. An cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, an aika wa uwarta ta dakata da zuwa gaban bagade sai an zauna a kan maganar. Wata huɗu ke nan ba a zauna ba. Shi kuwa mutumin, ran bikin godiyar kaka shi ya fi kowa baiko, aka kira sunansa a lasifika aka tafa masa. A Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 wanda bai cika 18 ba yaro ne, amma ba wanda ya ko ambaci 'yan sanda.

Na zauna na nemi inda aka rubuta irin wannan hukunci, ban samu ba. Akasinsa na samu. Gaskiya ne dokar Ikkilisiya ta ce wanda ya zubar da ciki ya fita daga tarayya nan take, ba sai an yi shela ba. A da sashe na 1398 ne, tun gyaran 2021 ya koma 1397. Amma dokar nan ta ce wannan hukuncin na nan take ba ya hawa kan wanda bai cika shekara 18 ba, ko wanda ya aikata cikin matsanancin tsoro. Ta kuma ce yana hawa kan wanda ya taimaka, in da ba don shi ba abin ba zai yiwu ba. Ku duba fa. A ma'aunin Roma, mai ƙirga kuɗi ya fi yarinya mai rawar jiki nauyin laifi. John Paul ya faɗa ƙarara a sashe na 59 na wasiƙarsa cewa na farkon da alhaki zai iya hawa kansa shi ne uban yaron, ko ya matsa mata kai tsaye ko ya zame ya bar ta ita kaɗai, sannan ya ambaci matsin dangi da abokai. Sama da shekara 60 ina zuwa Mas. Wa'azin zubar da ciki na ji ba adadi, kusan kullum fuskar mai wa'azi tana kallon layin mata. Ban taɓa jin an karanta sashe na 59 ba. Ban kuma taɓa jin an yi wa'azi da Farawa 38 ba, inda aka gaya wa Yahuda cewa surukarsa Tamar ta yi ciki, ya ce a fito da ita a ƙone. Ita kuwa ta aiko masa da hatimi da igiya da sanda, ta ce mai waɗannan kayan shi ne mai cikin. Ya duba ya ga nasa ne, ya ce ta fi shi gaskiya. Wannan cikin ne ya haifi Feresa, wanda sunansa ke cikin jerin kakannin Yesu a farkon Bisharar Matta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Haka maganar baftisma. Sashe na 868 na dokar Ikkilisiya abu biyu ya nema: iyaye ko ɗaya daga cikinsu ya yarda, kuma a sami kyakkyawan zato za a reni yaron cikin bangaskiyar Katolika. Babu inda aka ce a kawo takardar aure, ko a biya tara, ko a yi ta ran Talata da yamma bayan kowa ya watse. Paparoma Francis tun yana Akbishop a Buenos Aires, a 2012, ya kira firistocin da ke hana 'ya'yan mata marasa aure baftisma munafukai. A Disamba 2023 ofishin koyarwar bangaskiya na Vatikan, ƙarƙashin Kadinal Fernández, ya amsa wa wani bishop na Jamhuriyar Dominika cewa haihuwa ba aure ba ta hana mace karɓar Jibi in ta furta zunubinta, a ma ƙarfafa ta ta matso. Wannan fa ita mai cikin ke nan. To uwarta da ba ta yi komai ba, a wane littafi aka samo hana ta? Sannan tun Nuwamba 2016 kowane firist a duniya yana da ikon yafe zunubin zubar da ciki a wurin furta zunubi, ba sai an je ga bishop ba. Na tambayi mata goma cikin ƙawayena, biyu ne suka sani. Na san matan da suka yi shekara 20 ba su kusanci Jibi ba, suna zaton an rufe musu ƙofa har abada, don kawai ba wanda ya gaya musu.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini ido da ido: in aka sassauta an ba yara lasisin lalata. Ba na raina wannan tsoron, ni ma na haifa, ina da jikoki mata. Zina zunubi ce, a ci gaba da faɗa da ƙarfi. Amma mutum biyu suka yi ta, kuma tana da magani a gaban Fada cikin minti goma. Cikin kansa ba zunubi ba ne. Ɗan da ke ciki bai yi komai ba, ko da yake tun bai fito ba mun tanadar masa suna, mu mu ce shege, maƙwabtanmu su ce ɗan gaba da Fatiha. Shekara nawa muna wannan horon? Da yana hana ciki, da tuni ɗakin da na yi aiki ya daina karɓar masu zubar jini. Haihuwa yake hanawa. Kuma in faɗi gaskiya a kan jinsina, a wannan fage harshenmu mu mata ya fi na kowane Fada kaifi.

Baba, kun yi kusan shekara 20 kuna bishop a garin Lafiya, Doma da Awe duk a hannunku suke a lokacin, don haka karin maganar nan taku ce: abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ku dubi ƙasar Ailan. Ita ta ba mu Bishop John Reddington, bishop na farko na Jos, da firistocin ƙungiyar mishan ta SMA da sistocin ƙungiyoyin OLA da St. Louis da suka gina mana makarantu da asibitoci. Da wuya a sami ƙasar da ta kai ta riƙo da Katolika a wancan zamani. A 1983 suka rubuta haƙƙin ran ɗan da ke ciki a tsarin mulkinsu. A Mayun 2018 kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka ce a goge. Shekara 35 kacal. Za a ce boko ne da arziki da zamani, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Amma a tsakanin nan ne mutanen ƙasar suka gano abin da aka yi wa 'yan matan da suka yi ciki ba aure, yadda ake kai su wasu gidaje a ɓoye, galibi a hannun ƙungiyoyin addini, a raba su da 'ya'yansu. A garin Tuam kaɗai, wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta tono takardun mutuwar yara 796 da babu rubutun inda aka binne su. Daga baya, a Janairun 2021, rahoton hukumar bincike ya ce yara kusan 9,000 ne suka mutu a gidajen da aka bincika, har Akbishop Eamon Martin ya fito ya nemi gafara. 'Ya'ya da jikokin waɗannan matan suna cikin waɗanda suka jefa ƙuri'a. A ganina, da Ikkilisiya ta ce musu "rai", kakanninsu suka tuna. Ba na so wata rana jikokina su tsaya a layin zaɓe da irin wannan tunani a ransu.

Sai maganar asibiti, wadda ita ce gonata. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa a shekara ɗaya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ƙwayar cutar da ke shiga jini bayan haihuwa. In uwa ta tafi, sau da yawa jariri kan bi ta. Haƙƙin rai da sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya ambata, waɗannan matan ma nasu ne. Na ga mace tana jijjiga a kan benci ana ce wa mijinta sai ya ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Na gani a asibitin gwamnati, na gani a asibitin da gicciye ke rataye a bango. Na san asibitocin mishan na fama, dizal ya yi tsada, ma'aikata na ta tafiya Ingila da Saudiyya. Amma bakin da ya iya tara kuɗin sabon zauren taro, da na motar Fada ran cikarsa shekara 25 a aiki, zai iya tara kuɗin tiyata.

Akwai kuma wani ruɗani da nake roƙo ku warware da bakinku, don in ni na faɗa sai a ce nas ce kawai. Wasu ƙananan ma'aikatanmu masu tsoron Allah suna ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi wankin ciki. Mace ta yi ɓari, ko ta je ta zubar ta dawo tana jini, sai a tsaya ana jera mata tambayoyi kamar a caji ofis. Wanke mahaifa bayan ɗa ya riga ya mutu ceton rai ne, kuma jinkirin awa ɗaya na iya kashe ta. Cikin da ya zauna a bututu a wajen mahaifa ba zai rayu ba, in ya fashe jini na iya taruwa a cikinta har ta mutu. Malaman Ikkilisiya sun daɗe da yarda a cire bututun, don manufar aikin ita ce a ceci uwar. Na taɓa ganin miji ya ƙi sa hannu a takardar irin wannan tiyata, wai shi Katolika ne ba ya zubar da ciki, matarsa na kwance fuska ta yi fari fat. Sai da aka tayar da wani Fada daga barci ya zo ya yi masa bayani. Allah ya saka wa Fadan nan, da silifas ya zo. Amma da wayarsa a kashe take daren nan fa?

Inda ya fi wuya shi ne fyaɗe, kuma ba zan yi kamar abu ne mai sauƙi ba. Na zauna da yarinya 'yar shekara 14 da kawunta ya yi wa ciki. Na yarda ɗan da ke cikinta ba shi da laifin ubansa, na kuma faɗa mata haka, harshena na nauyi. Amma in mu ne za mu ce ta ɗauki wannan gicciyen, to kafaɗarmu ce ya kamata ta fara shiga ƙarƙashinsa, kamar Siman Bakurane. Abin da na gani shi ne dattawa sun taru sun ce a rufa asiri, a sasanta a gida, aka tura ta ƙauye wurin kaka, kawun yana nan yana cin tuwo a gidan. Wanda ya rufa wa mai fyaɗe asiri ba shi da bakin yi wa yarinyar wa'azin rai.

Mu a Filato mun san tsadar rai ta hanyar da ba mu so. Rikicin Jos na Satumbar 2001, kisan Dogo Nahawa a 2010, bam ɗin St. Finbarr's a Rayfield a 2012, ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023. Kowane karo shugabanninmu sun yi magana, mun gode. Sai dai bayan an binne matattu, 'yan jarida sun tafi, akwai sansani. Na je yi wa mata awo a ɗaya, na tarar da 'yan mata marayu da ciki, ɗaya ta ce mini saboda mudun masara ne. Waɗannan su ne za a kai kemis gobe in ba mu riga mai kemis isa gare su ba.

Kuma ba mu kaɗai abin ya dama ba. Wata Hajiya da muka yi shekaru muna aikin dare tare takan karanto mini ayar Alƙur'ani da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Su ma suna tsintar jarirai a kwali a bakin kwata kamar yadda muke tsinta. Garin nan ya rabu biyu a kan abubuwa da yawa, amma a kan wannan liman da Fada za su iya zama a tabarma ɗaya.

Abin da nake roƙo ba sai an nemi izinin Roma ba. Takarda guda daga hannunku, Baba, a karanta ta a kowace majami'a ran Lahadi, da Hausa da Turanci, kada ta kwana a ofis. Ta ce daga yau ba a hana uwa ko uba Jibi saboda cikin 'yarsu, kuma ɗan da aka haifa ba aure rana ɗaya za a yi masa baftisma da sauran yara, a gaban kowa. Ta ce makarantunmu su bar yarinya ta rubuta jarrabawarta, ta dawo aji bayan ta yi arba'in. In za a kira wani gaban majalisa, a fara da mai hatimi da sanda.

Babban roƙona kuwa ɗaki ne. Ɗaki huɗu ma sun isa a fara, kusa da ɗaya daga cikin asibitocinmu, inda yarinyar da aka watso wa kaya za ta kwana a daren farko, don a wannan daren ake yanke shawara. Kada ya zama irin na Ailan. Ƙofa a buɗe, uwarta ta zo ta gan ta, ta yi awo, ta koyi ɗinki ko ta ci gaba da karatu, ta fita da ɗanta a baya. Na san akwai sistoci da firistoci da ke yin wannan a ɓoye daga aljihunsu, na ga wasu da idona, amma bai kamata yarinya ta dogara da sa'ar faɗawa hannun mai kirki ba. Baikon ranar 28 ga Disamba, ranar tunawa da jariran da Hirudus ya kashe, a ware shi don wannan. Ma'aikata kuwa ga mu nan, tsofaffin nas da ungozomomi, muna zaune muna jiran fanshon da ba ya zuwa. Hannunmu bai manta aiki ba.

Yarinyar da ke ɗakina ƙafafunta sun fara kumbura, ina auna jininta safe da yamma. Uwarta kan lallaɓo da daddare da ƙullin acha a mayafi, ta koma kafin mijinta ya farga. Shekaranjiya muna tsince wake ta tambaye ni ko Fada zai yarda ya yi wa ɗan baftisma, ta ce in namiji ne Yohanna take so. Na ce mata za a yi, ran Lahadi, a babban Mas. Ban tambayi kowa ba kafin in faɗa. Ni zan goya shi in shigo da shi, ita da uwarta kuma a bencin gaba za su zauna, kusa da ni, inda na saba zama.

'Yarku cikin Kiristi,
Wata tsohuwar ungozoma,
Jos.